Koyon Maganin Gyaran Tunani da Ɗabi'a: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, gama su ne talakawa ke fara kawo wa kuka in wani abu ya gagari gida, su ne kuma akan nemi shaidarsu in wani ɗan ƙasarsu da ke aikin asibiti zai tafi ƙaro ilmi. Abin da za a bayyana a ciki shi ne wani irin magani da ake yi da magana da gwaji, ba allura ba ƙwaya, da kuma irin horon da akan yi wa likita, ko nas, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, bayan ya gama karatunsa na farko, kafin a yarda ya yi wa mutane shi. Turawa suna kiransa da haruffa uku, watau CBT. Da Hausa ana iya ce masa maganin gyaran tunani da ɗabi'a.

Da wuya a sami hakimin da ya daɗe a kan sarauta bai ga masu bukatarsa ba. Ga magidanci, jikinsa ba zazzaɓi ba rauni, amma ya bar gona ya bar kasuwa, ba ya barci, ba ya son ganin kowa. Ga mai jego da ta kasa ko duban jaririnta, sai kuka dare da rana. Ga yaron da ya tsira daga harin 'yan bindiga, da ya ji ƙarar babur sai ya ruga ya ɓuya. Waɗansu su ce yawan tunani ne, waɗansu su ce iska ko sammu. Likitoci kuwa suna lissafa waɗannan cikin cututtuka, suna da sunayensu, suna kuma da hanyoyin magance su waɗanda aka gwada a kan dubban mutane.

Yadda maganin ke aiki

Tushen maganar shi ne, abubuwa huɗu suna ɗaure da juna cikin mutum: abin da yake faɗa wa kansa a zuci, da abin da yake ji na tsoro ko baƙin ciki, da abin da jikinsa ke yi, da abin da shi kansa ke aikatawa. In ɗaya ya karkace, sai ya jawo sauran. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da jarinsa ya karye. Ran nan ya gai da maƙwabcinsa a hanya, maƙwabcin bai amsa ba. Nan take zuciyarsa ta ce masa, tun da ka talauce kowa ya raina ka. Kunya ta kama shi, gabansa ya yi nauyi, washegari ya ƙi fita zaure. Tun da bai fita ba, ba wanda ya gan shi balle ya gaishe shi, sai ya ɗauki wannan shiru ya zama masa shaida cewa lalle an guje shi. Haka abin zai yi ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke, har wata shida ta wuce mutum bai taka ƙofar gida ba.

Mai maganin ba zai ce masa ya yi haƙuri ya daina tunani ba, gama 'yan'uwansa sun riga sun faɗa masa haka sau ɗari. Zai zauna da shi ne su zana wannan zagaye a takarda, har mutumin ya gani da idonsa inda abin ke kama shi. Sa'an nan ya yi masa tambayoyi irin na alƙali mai neman gaskiya. Mene ne shaidar cewa maƙwabcin ya ji gaisuwar? Kafin jari ya karye, ba a taɓa gaishe da wani ya wuce bai amsa ba? Da amininsa ne abin ya samu, shi ma zai ce masa kowa ya raina shi? Daga nan su shirya gwaji: ran Juma'a ya fita ya gai da mutum biyar, ya ƙidaya nawa suka amsa, ya kawo lissafin a zama na gaba. Wannan aikin gida shi ne rabin maganin. Akan yi zama sau ɗaya a mako, kamar na sa'a guda, yawanci tsakanin zama 6 da 20, gwargwadon nauyin ciwon.

Ga mai tsoro kuwa, akan bi ta wajen ɗabi'a. Matar da ta yi haɗarin mota ta rantse ba ta ƙara shiga, akan shirya mata tsani: ta fara tsayawa a bakin tasha har faɗuwar gabanta ta lafa, gobe ta zauna cikin mota a tsaye, jibi ta yi tafiyar mil guda da rakiya. Dalili shi ne, gudu yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana hana mutum ya gane cewa abin da yake tsoro bai auku ba. Haka kuma mai waswasi, wanda zai sake alwala sau goma yana kokanton bai wanke gwiwar hannu ba, akan koya masa ya yi sau ɗaya ya tsaya, ya jure damuwar har ta sauka da kanta. Wani masani mai suna Victor Meyer ya bayyana wannan hanya a Landan a 1966. Malaman da suka karanta fiƙihun Malikiyya za su tuna cewa a can ma an hori wanda kokanto ya aure shi da ya ƙyale kokanton ya ci gaba da ibadarsa.

Asalinsa

Rafi biyu ne suka haɗu. Na farko ya fito daga masu binciken yadda ake koyon tsoro da yadda ake kwance shi, irin su Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu, wanda ya buga littafinsa a 1958, da masanan asibitin Maudsley na Landan. Na biyu ya fito daga Amurka, wajen Albert Ellis da kuma Likita Aaron Beck na Jami'ar Fensilbaniya a birnin Filadalfiya. Shi Beck da farko almajirin koyarwar Freud ne, wadda ke cewa ciwon baƙin ciki fushi ne da mutum ya juya wa kansa. Sai ya tashi ya bincika mafarkan marasa lafiyarsa don ya tabbatar da haka, ya tarar ba fushi ne ya cika su ba, asara ce da faɗuwa. Da ya saurare su da kyau ya ga suna yi wa abu uku mugun zato, watau kansu, da duniya, da abin da gobe za ta kawo. A 1977 shi da almajiransa suka buga sakamakon gwajin da aka kwatanta hanyarsa da ƙwayar imifiramin a kan mutum 41, hanyar magana ba ta gaza ba. Daga nan likitoci suka fara ɗaukarta da muhimmanci. Beck ya rasu a 2021 yana da shekara 100.

Ba Turawa ne farkon lura da wannan ba. Abu Zaidu Albalkhi, malamin ƙasar Khurasan da ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya kuma ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Shehun malami Malik Badri na Sudan, wanda shi kansa ya koyi maganin ɗabi'a a Landan, ya juya sashen littafin zuwa Turanci a 2013. Abin da na baya suka ƙara shi ne tsari, da aunawa, da makaranta.

Wanda ake ɗauka

Ingila ce ta fi kowace ƙasa tsara wannan horo, don haka da ita za a yi misali. Tun 1972 Likita Isaac Marks ya fara koya wa nas-nas maganin ɗabi'a a asibitin Maudsley, aka kuwa ga aikinsu bai kasa na likitoci ba. A shekarar nan kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda tun 1992 ake kira BABCP. Amma babban canji ya zo ne a 2008, sa'ad da gwamnati ta buɗe wani shiri na ƙasa baki ɗaya bisa shawarar mutum biyu, David Clark masanin halayyar ɗan Adam da Richard Layard masanin tattalin arziki. Cikin hujjojinsu akwai ta kuɗi. Suka ce mutumin da baƙin ciki ya zaunar ba ya aiki, ba ya biyan haraji, gwamnati ce ma ke ciyar da shi, saboda haka kuɗin yi masa magani zai dawo baitulmali in ya koma bakin aikinsa. An fara gwada shirin a Doncaster da Newham a 2006. Tun 2023 sunansa NHS Talking Therapies, yana kuma karɓar fiye da mutum miliyan ɗaya kowace shekara.

Kwas ɗin ba na wanda ya fito sakandare ba ne. Ana ɗaukar wanda ya riga ya sami sana'arsa, kamar nas mai kula da masu taɓin hankali, ko likita, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko mai koya wa marasa lafiya komawa ga ayyukan yau da kullum. Wanda ba shi da ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i sai ya haɗa kundin shaida mai kauri, ya nuna ya sami ilmi da ƙwarewa da halin da ya yi daidai da nasu. Hikimar wannan sharaɗi a fili take. Wanda zai zauna shi kaɗai a ɗaki da mutumin da ke tunanin kashe kansa, wajibi ne ya riga ya san yadda ake gane haɗari, da yadda ake riƙe asiri, da lokacin da za a miƙa mara lafiya ga likita. Kwas ɗin ba ya koyar da waɗannan daga tushe, a kansu yake gini.

Matakan shaidar uku ne bisa tsarin jami'o'in Birtaniya: satifiket mai maki 60, da difloma mai 120, da digiri na biyu mai 180. Difloma ita ce wadda yawancin masu aiki ke riƙe da ita.

Yadda shekarar kwas ke tafiya

Wanda shirin gwamnati ya ɗauka, shekara guda yake yi. Kwana biyu a mako yana jami'a, kwana uku yana wurin aiki yana ganin marasa lafiya na gaske. Gwamnati ce ke biyan kuɗin makarantar, yana kuma karɓar albashi. Karatun ya kasu uku: tushen sana'ar, da maganin cututtukan tsoro da fargaba, da maganin ciwon baƙin ciki. A aji ba sauraron lacca ne ya fi yawa ba. Ɗalibai sukan rabu biyu-biyu, wannan ya zama mara lafiya wancan ya zama mai magani, malami yana tsaye yana gyara. Akan kuma sa su gwada dabarun a kan kansu, ɗalibi ya rubuta nasa munanan zato ya bincike su, domin wanda bai taɓa ɗanɗana wuyar aikin gida ba yakan yi saurin ganin laifin mara lafiyar da ya zo bai yi ba.

Ƙungiyar BABCP ta ajiye mafi ƙarancin abin da za a cika kafin ta sa sunan mutum a rajistarta. Sai ya yi sa'a 450 ta karatu, 200 daga ciki a gaban malamai ƙwararru. Sai ya yi sa'a 200 yana ganin marasa lafiya, da sa'a 40 aƙalla a gaban mai duba aikinsa. Sai ya ɗauki mutum 8 tun daga farkon magani har ƙarshe, masu ciwo iri uku aƙalla, ya kuma rubuta cikakken bayanin huɗu daga cikinsu a duba masa.

Wannan duban aiki shi ne zuciyar kwas ɗin, ya kuwa kamata a daɗe a kansa. Da izinin mara lafiya, ɗalibi yakan ɗauki zamansu a na'ura, ya kai wa mai duba shi. Kowane mako sukan zauna, sau da yawa ɗalibai uku ko huɗu tare, a kunna abin da aka ɗauka, a tsayar, a tambaye shi don me ya katse matar nan sa'ad da ta fara maganar kishiyarta, don me ya ba da amsa da kansa maimakon ya bari ta gano. Ba ƙaramin abu ba ne nas mai shekara goma sha biyar a bakin aiki ya ji muryarsa ana warware kurakuransa a gaban abokansa. Amma ba wata hanya. Mutum yana iya haddace littafin Beck daga bango zuwa bango, ya shiga ɗaki ya yi sa'a guda yana wa mara lafiya wa'azi, ya fito yana tsammanin magani ya yi.

Jarrabawar ma da irin wannan ɗauka ake yin ta. Akwai ma'auni da masana na Newcastle suka gyara a 2001, mai abubuwa 12, kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 6. Ana duba ko ɗalibin ya shirya abin da za a tattauna tare da mara lafiya tun farkon zama, ko ya tafiyar da lokaci daidai, ko ya zaƙulo tunanin da ke ƙarƙashin damuwar, ko da tambaya ya bi har mutumin ya gano da kansa, ko sun rabu da aikin gida bayyananne. Jimlar maki 72 ne, sai an sami 36 ake ci. Wanda ya faɗi akan ba shi dama ya kawo wani zaman, in ya sake faɗuwa ba shi da difloma, kome kyawun rubutunsa.

Ƙarƙashin waɗannan akwai wani rukuni na ma'aikata da ake horarwa cikin kwana 40 da ɗoriya a shekara guda. Su ke ganin masu ƙaramin ciwo, suna bi da su cikin littattafan taimakon kai, sau da yawa ta waya. In abin ya fi ƙarfinsu su miƙa gaba. Tsarin ya yi kama da yadda ƙara ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi.

Iyakarsa

Wani abin yabo a shirin Ingila shi ne ba ya ɓoye sakamakonsa. A kowane zama mara lafiya yakan amsa tambayoyi 9 na baƙin ciki da 7 na fargaba, a haɗa maki a rubuta, a kuma buga jimlar ƙasa kowa ya gani. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, cikin waɗanda suka bi maganin, wajen rabi ne ke warkewa. Waɗansu sukan sami sauƙi ba su warke sarai ba, waɗansu kuwa ba abin da ya canza. Duk wanda ya zo ya ce yana da maganin magana mai warkar da kowa, to, ya faɗi abin da su masu abin ba su faɗa ba.

Har wa yau maganin ba ya maye gurbin ƙwaya a inda ƙwaya ta wajaba. Mai farfaɗiya maganin asibiti yake bukata. Wanda hankalinsa ya gushe, yana jin muryoyi ko yana ganin ana binsa za a kashe shi, likita zai fara gani, daga baya ne maganin magana kan taimaka. Kuma in tunanin mutum gaskiya ne, ba a gyara shi. Matar da mijinta ke duka, in ta ce tana cikin haɗari, ba mugun zato take yi ba, aikin farko shi ne a tsare lafiyarta, a nan kuwa dagaci da alƙali sun fi mai magani amfani. Maganin kuma bai hana kowa addu'a ko neman shawarar malaminsa ba.

Inda likitoci suka yi ƙaranci

Mai karatu zai ce wannan tsari na masu kuɗi ne. Da gaskiyarsa, amma an gwada rage shi a ƙasashen da suka fi kama da ta nan. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Likita Atif Rahman da abokansa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida wani sauƙaƙƙen nau'i na maganin, domin masu ciki da masu jego da baƙin ciki ya kama. Horon na 'yan kwanaki ne, amma kowane wata ana tara su a duba aikinsu. Tun da yawancin matan ba su karatu, da hotuna aka yi aiki, aka kuma jawo miji da uwar miji cikin maganar, aka ɗora ta a kan lafiyar jariri, abin da ba mai gardama a kansa. Mata 903 aka sa a gwajin. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata shida kashi 23 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa maganin ne ke da sauran ciwon, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 53 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tsari ta buga littafinsa a 2015.

A Harare ta Zimbabuwe kuma, tun 2006 Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna bi da mutane cikin matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, zama shida. Sunan ciwon a harshen Shona ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda Bahaushe ke faɗa. Sai dai a lura, a wuraren nan biyu akwai ƙwararru a sama masu horarwa da dubawa. Ma'aikaciyar ƙauye ba ta tsayawa sai da mai difloma a bayanta. Amfanin tura mutum guda babban kwas ke nan: in ya dawo, shi zai riƙe ashirin.

Abin da ya shafi ƙasar nan

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tunani. Likita Thomas Adeoye Lambo, da ya dawo daga Maudsley a 1954, ya saukar da marasa lafiyar asibitin Aro na Abekuta a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jiyya, ya kuma yi aiki da sarakunan ƙauyukan da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. A Arewa akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. A nan ana koyon maganin gyaran tunani ne cikin horon likitocin ƙwaƙwalwa, da cikin digiri na biyu na masana halayyar ɗan Adam masu aikin asibiti. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

In ma'aikacin asibitin gunduma ya zo neman shaidar hakimi zai tafi kwas, ko wani ya zo da satifiket yana neman izinin buɗe wurin ba da shawara a gari, akwai tambayoyin da malamin hakimi zai iya yi ba sai ya san likitanci ba. Mece ce sana'arsa ta asali, yana kuma cikin rajistar hukumar da ke kula da ita? Marasa lafiya nawa ya gani a lokacin horon? Wa ya saurari zamansa ya gyara masa? Wa ke duba aikinsa yanzu? Ana samun taron bita na kwana biyu ko uku, har da na intanet, da ke ba da takarda mai hatimi da ado. Irin wannan taro yana da amfaninsa wajen wayar da kai, amma bai mai da kowa mai magani ba. Ko a Ingila doka ba ta hana mutum kiran kansa mai maganin magana ba, shi ya sa asibitocin gwamnati a can rajista suke dubawa.

Wanda ya je ya dawo kuma yakan lalace ne ta hanyar da ba a zata ba. A mai da shi ɗakin allura ko rubutun kati domin hannu ya yi kaɗan, shekara biyu ta wuce bai zauna da mara lafiya ko ɗaya ba, abin da ya koya ya zube. Hakimi yana zama da shugabannin ƙaramar hukuma, maganarsa kuwa tana da nauyi. Abin da ma'aikacin ke bukata ba shi da yawa: yini ɗaya ko biyu a mako da aka keɓe masa, da ɗaki mai ƙofa inda na waje ba ya jin abin da ake faɗa, da hanyar yin magana da mai duba shi ko ta waya ce. Ga matan da ke cikin kulle, mace ce za ta iya shiga, don haka in ana zaɓen wanda za a tura, kada a manta da ungozoma da nas mata. Zai kuma sha aikin juya abin da ya koya da Turanci zuwa Hausa, da neman dabarar aikin gida ga wanda ba ya rubutun boko. Wani da ajami zai rubuta, wani da tsakuwa ko ƙwayar wake zai ƙidaya sau nawa ya fita gida a mako.

Riƙon asiri ya hau kan fada kamar yadda ya hau kan asibiti. In dagaci ya aiko da sunan wanda ake so a kai wurin magani, kada a karanta takardar a bainar jama'a, gama kalmar mahaukaci in ta manne wa gida takan hana 'ya'yansa mata aure. Waɗanda ba a jira da su zaman mako-mako kuwa su ne wanda ya ambaci kashe kansa ko ya fara rabar da kayansa yana sallama, da mai jegon da ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, da wanda ya daina ci da sha, da wanda aka tarar a ɗaure da mari. Waɗannan a nemi mota a kai su babban asibiti a ranar, tare da ɗan'uwa guda wanda ya san yadda ciwon ya fara, a kuma haɗa su da duk wata ƙwaya ko jiƙo da aka riga aka ba su domin likita ya gani.